Fitowar Tela ta Ƙarshe

Litinin, da hantsi

Mai kamfani ya kira ni ofishinsa. Da na ga an kawo min shayi a kofin da ake ajiye wa manyan baƙi, na san ba alheri ne ya tara mu ba. Ya yi ta kewaye-kewaye, yana yabon rubutuna, har da wasannin dandamali da na rubuta tun ina budurwa, waɗanda na rantse bai taɓa gani ba, don lokacin ko yaye shi ba a yi ba. Can dai ya ajiye kofinsa ya ce, "Hajiya, Tela fa sai dai ya mutu a zangon nan."

Na ce, "Wane Telan?" Kamar muna da biyu.

Yayana ne Tela. Uwa ɗaya uba ɗaya. Tun ranar da aka fara nuna shirin da nake rubuta musu a talabijin, shi ne zaune bayan keken ɗinki yana yi wa jama'a ƙarya cewa kayansu saura maɓalli kawai. Ko kasuwa ya shiga sai ka ji an ƙwala masa kira, "Tela, ina kayana?" ya ɗaga hannu ya ce gobe da yardar Allah. Wannan mutumin ake so in kashe da alƙalamina, kafin a ɗauki kashin ƙarshe a ƙarshen wata.

Mai kamfani ya ce ai na ga abin da ya faru ranar Alhamis. Na ce ban ga komai ba, gajiya ce. Ban sha shayin ba.

Litinin, da yamma

Gajiya ce mana. Mutum ya haura sittin, yana ƙarƙashin fitilun nan masu zafi tun safe, dole wata rana magana ta ɓace masa.

Laraba, da safe

Na buɗe kwamfuta, na rufe. Na share ɗaki, na wanke labulen da bai yi datti ba, na sake buɗewa. Maigida ya leƙo ya ce, "Yau kuma labule ne ya yi laifi?" Na ce ya kama hanyar aikinsa.

Abin da mai kamfani bai sani ba, kuma ba wanda ya sani a ofishin nan sai Darakta, shi ne ni ban iya rubutu ni kaɗai ba. Tun muna yara haka muke yi. In zauna gaban Yaya in zama mai kawo ɗinki, ko matar Tela, ko mai gidan haya, in jefa masa magana, ya ba ni amsa, in rubuta. In na koma gida in yanke, in jera, in yi masa kai da ƙafa, washegari in kai masa ya karanta da ƙarfi. Duk inda ya yi tuntuɓe, laifin rubutun ne, ba na bakinsa ba. Haka muka yi wasanmu na farko a zauren taron makaranta, da zanin gadon Mama a matsayin labule, muka sha duka da muka dawo gida. Haka muka yi na rediyo. Fim ɗaya na taɓa rubutawa babu shi a ciki, kuma wallahi ko ni ban iya kallonsa har ƙarshe ba.

'Yan jarida na cewa ina da kunne. Wani ma ya taɓa rubuta cewa mutanen da ke cikin labaraina ba sa mutuwa, ba sa dambe, ba sa gudu da mota, surutu kawai suka iya. Shi a ganinsa zagi ya yi. Gaskiya ya faɗa, ban taɓa kashe kowa a gaban kyamara ba. Idan mutum ya gama aikinsa a labari, sai in buɗe masa ƙofa ya fita da ƙafarsa.

Yanzu wai in fara kisa, kuma in fara da Yaya.

Alhamis, bayan la'asar

Yau Tela yana da fitowa biyu. Na rage masa magana har ta koma kamar saƙon waya. Na rubuta da manyan baƙaƙe, Darakta ya maƙala takardar da allura a jikin yadin da ke kan keke, inda kyamara ba ta gani.

Ta farko ta tafi lafiya lau. Na kalli Darakta na ce, ka gani ko?

Ta biyu, yarinyar da ke fitowa a matsayin 'yarsa ta faɗi nata. Yaya ya duba takarda, ya ce da muryar nan tasa mai cika ɗaki, "Tela ya yi shiru, ya kalli ƙofa." Umarnin da na rubuta a gefe ne ya karanta. Mai ɗaukar sauti ya fashe da dariya, wasu suka bi shi, sun ɗauka tsokana ce, don Yaya gwanin tsokana ne. Sai suka ga shi bai yi dariya ba, yana jiran yarinyar ta ba shi amsa.

Ba zan rubuta tambayar da ya yi mata bayan nan ba. A gabansa ta girma a shirin nan, tun tana firamare take ce masa Baba. Ta fita waje da sauri, an daɗe kafin a gyara mata kwalliya.

Laifina ne. Wa ya aike ni in bar umarni a takardar?

Juma'a, da rana

Na cire duk umarnin. Gajiya ce da rashin kyan rubutu.

Lahadi, da yamma

Na je gidan Yaya, na tarar yana barci. Anti, matarsa, tana kicin tana yanka albasa. Ta ce sun koma wurin likitan da suka gani makon jiya. Akwai ledar magani a kan firij, bayan gwangwanin madara. Ban taɓa ta ba, ban tambaya ba.

Na ce, "Anti, hutu kawai yake bukata. Gajiya ce."

Ta ajiye wuƙa ta ce, "Auta, don girman Allah ki daina cewa gajiya a gidan nan. Jiya a tsakar gida na same shi tsaye, yana tambayata ta ina ake zuwa ɗakinsa."

Na ce albasar nan tana da ƙarfi. Ta ce eh, tana da shi.

Litinin, da azahar

Raina ya ɓaci. Mai kamfani ya turo min abin da yake so, wai don ya rage min wahala. Gadon asibiti, robar numfashi a hanci, mata na kururuwa a bakin ƙofa, kiɗa mai sa kuka. Ya ƙara da cewa idan Yaya ba zai iya ba, ba matsala, akwai wani mai tsayinsa da za a kwantar a lulluɓe shi, a ɗauko daga baya.

A lulluɓe wani a ce Tela ne! Mutumin da bakinsa ya gina musu ofishin nan tun daga tubali har rufi, a fitar da shi daga shirin ko kalma ɗaya bai faɗa ba.

Na kira shi na ce ya nemi wanda zai rubuta masa. Ya ce, "Hajiya, ni ma Yaya ubana ne, amma gidan talabijin ba sa jira." Na kashe wayar. Abin da ya fi ƙona min rai, na san ba ƙarya yake yi ba.

Talata, da safe

Babu ko layi ɗaya.

Talata, kafin magariba

Na zaga unguwa da ƙafa har takalmi ya ci min dunduniya. Na tsaya gaban shagon wani tela na gaske ina kallonsa kamar mara aikin yi, har ya ce, "Hajiya, ɗinki ne?" Na ce a'a, wucewa nake.

Alhamis, da yamma

Na faɗa masa.

Na ce ba zan rubuta wannan ba, amma idan ban rubuta ba zan ci gaba da zagaya ɗaki. Yau ya tashi garau. Ya tambaye ni yara, ya tsokani Anti a kan gishirin da ya yi yawa, ya tuna min ranar da wuta ta ɗauke muna tsakiyar wasa a dandamali, ya ƙarasa fitowar a duhu, jama'a suka haska shi da tocila. Na ga idan ban faɗa yau ba, ban san ranar da zan sake samunsa haka ba.

Na ce, "Yaya, suna so a rufe labarin Tela a zangon nan."

Ya daɗe yana juya cokali a kofi. Ya ce, "Na sani, Auta. Kin ɗauka ban sani ba? Ina ganin yadda suke kallon ƙasa idan na shigo." Na buɗe baki, ya ɗaga min hannu. "Kar ki ce komai. Abu ɗaya nake roƙonki. Kar ki kwantar da ni a gado. Ban taɓa yi wa jama'a wasa a kwance ba. A shagona za ki bar ni."

Na ce na yi alkawari. Ya ce, "To share fuskarki, kin yi muni." Ni ce na yi kuka, shi ne ya lallashe ni. Har mota ya raka ni.

Juma'a, da hantsi

Na koma da safe in ga yadda ya kwana. Ya tare ni da fara'a, ya ce, "Ina takarduna? Zango mai zuwa ina so Tela ya ɗauki ɗan koyo, in samu wanda zan riƙa ɗora wa laifi." Sai ya dube ni da kyau ya ce me ya kumbura min ido, ko ni da maigida ne.

Na ce, "Yaya, jiya fa mun yi magana..."

Anti ta finciko hannuna zuwa kicin ta tura ƙofa. Ta ce, "Jiya bayan kin tafi bai ci abinci ba, ya zauna a bakin gado har rana ta faɗi. Yau Allah ya ɗauke masa. Sau nawa kike so ki yanka shi?"

Na fito na ce masa ɗan koyon shawara ce mai kyau.

Asabar

Shi ya manta alkawarin. Ni ce ban manta ba.

Litinin, da rana

Darakta ya zo har gida, abin da bai taɓa yi ba. Ya zauna a gefen kujera da hularsa a hannu. Ya ce ya yi ta fama da mai kamfani, an ba mu safiya ɗaya, Asabar mai zuwa, a shagon Tela. Idan an samu abin da za a nuna, shikenan. Idan ba a samu ba, da yamma za a ɗauki na asibitin da mutumin da za a lulluɓe, har an riga an ɗinka masa hula irin ta Yaya.

Ya ce, "Hajiya, ki rubuta gajere. Layi biyu ma ya isa."

Na ce layi biyu ne zai sallami mutum daga aikin da ya ci rabin rayuwarsa? Ya ce to me zan yi? Na ce ban sani ba. Na ba shi ruwa, ya sha, ya tafi.

Talata, da safe

Na rubuta, na goge. Duk abin da na sa a bakin Tela sai in ji muryata ce, ba tasa ba. Ba ni da wanda zan jefa wa magana. Na gwada da maigida, na ce ya zama Tela. Na ce masa ina kayana, sai bawan Allah ya ce, "Yi haƙuri, ban gama ba." Haba! Tela ya ce bai gama ba? Na sallame shi.

Laraba, bayan la'asar

Bari in rubuta da sauri kafin in ƙaryata kaina.

Ina gidan Yaya, yana zaune a baranda, yau ba rana mai kyau ba ce, tun da na zo bai ce min komai ba. Sai maƙwabciyarsu ta shigo aron tsani. Ba ta san komai ba, ta yi masa irin tsokanar da kowa ke yi. Ta ce, "Tela, rigata fa? Bikin ya wuce, amaryar har ta haihu."

Yaya ya gyara zama. Ya ce, "To kin gani? Da na ba ki a lokacin, da yanzu ta tsufa. Ni na ajiye miki ita sabuwa, maimakon ki gode."

Matar ta yi dariya har da riƙe ciki. Ban taɓa rubuta wannan ba. Ba ya cikin kowane kashi, na san su duka. Sabo ne, yanzu ya ƙirƙire shi. Ashe takardar ce ta gagare shi. Tela yana nan, muddin akwai mai yi masa magana.

Na kira Darakta tun ina bakin ƙofarsu. Na ce ba takarda, ba layi. Kyamara a kan Yaya kaɗai. Ni zan zauna a gefenta in zama mai karɓar ɗinki, yadda muke yi a gida, daga baya a sa wata ta maimaita maganata a ɗora muryarta. Ya ce, "Ke da ko hoto ba kya son a ɗauke ki?" Na ce ai ba ni za a ɗauka ba.

Alhamis, da yamma

Idan ranar Asabar ta zo masa a irin ta yau fa?

Juma'a, da yamma

Na sa an ninke riga ɗinkakkiya an ajiye a ƙarƙashin teburin keke, inda hannunsa ke zuwa idan yana neman almakashi. Ban san ko zai taɓa ta ba. Ban san komai ba. Na kasa cin abinci. Abin da ke damuna, zan ja shi ya yi ban kwana, shi kuwa bai san ban kwana yake yi ba. Na tambayi Anti ko wannan yaudara ce. Ta ce, "Shi ya roƙe ki. Ina bayan ƙofa, na ji."

Asabar, da yamma

An ba ni wata 'yar kujera gab da ƙafar kyamara. Darakta ya kori kowa sai waɗanda ba makawa. Mai kamfani ya tsaya can baya yana duba agogo. Yaya ya shigo, ya rataya tef ɗin awo a wuya, ya zauna, ya ɗora ƙafa a kan keke. Ya nemi takarda a jikin yadi bai gani ba, na ga idonsa ya fara yawo. Ban jira Darakta ba.

Na ce, "Tela, na zo karɓar kayana."

Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ke kuma kin ƙara ƙiba. Awon da na yi miki ya tashi aiki, sai mun sake daga farko."

Na ji mai ɗaukar hoto yana danne dariya. Muka yi ta yi, ina jefawa yana mayarwa. Ya ce zaren da ya dace da yadina sai an yi odarsa daga nesa. Ya ce allurarsa tana hutun jinya. Na manta da fitilu, na manta da kowa, kamar muna teburin cin abincin gidansa. Har na so mu tsaya a nan. Darakta ya taɓa kafaɗata.

Na ce, "Tela, na ji an ce za ka rufe shago."

Ƙafarsa ta tsaya a kan keke. Na ce a raina shikenan, ya tafi, sai fitowar asibitin. Sai ya ce, a hankali, ba da muryar cika ɗaki ba, "Wa ya gaya miki?"

Na ce, "A gari ake faɗa."

Ya kalli hannuwansa. Ya ce, "Rannan na yanka yadi, na tsaya da almakashi a hannu, na rasa na waye. Mutane su ba ka kayansu amana, ka rasa na waye." Ya girgiza kai. "Gara in rufe da kaina kafin in ɓata wa wani."

Ni da na yi shekaru ina jefa masa magana, bakina ya mutu. Shi ne ya cece ni. Ya miƙa hannu ƙarƙashin tebur, ya ci karo da rigar, ya ɗauko ta, ya karkaɗe, ya miƙo min ta gefen kyamara. Ya ce, "Ungo. Amma kar ki gaya wa kowa na gama ɗinki, sunana zai ɓaci."

Ya cire tef ɗin awo ya naɗe, ya lulluɓe keken da ƙyallensa, ya kakkaɓe zare daga gwiwarsa, ya miƙe ya fita ta ƙofar shagon. Darakta ya manta bai ce a yanke ba, sai da mai ɗaukar hoto ya juyo ya dube shi. Ban ga lokacin da mai kamfani ya sallami mutumin da aka ɗinka wa hula ba, daga baya aka gaya min.

Na cika alkawari. Na yi zaton zan ji sanyi a raina.

Ni na mayar da shi gida. Yana ta murna a mota, ya ce yau ya ji daɗin aiki, ya ce wannan mai karɓar ɗinkin a riƙa kawo ta, ta iya. Da muka tsaya a ƙofar gida ya riƙe murfin mota ya ce, "Auta, gobe ƙarfe nawa za a zo ɗaukata?"

Na ce gobe hutu ne.

Ya ce, "To ki kawo min takarduna in fara dubawa."

Lahadi, da safe

Tun da na idar da sallah nake rubutu, hannuna bai tsaya ba. Tela ya ɗauki ɗan koyo, ya ɗora masa laifin wandon da ya ƙone da dutsen guga. Ba kamfanin da ya sa ni, ba kyamarar da za ta gani. Maigida ya leƙo ya ga takardu, ya ajiye min shayi ya fita.

Lahadi, bayan la'asar

Na kai masa. Muka zauna a baranda, ni ce ɗan koyo. Ya yi dariya a wurin da ya kamata, ya ce in cire wata kalma, Tela ba zai faɗe ta ba. Na cire. Anti na tsaye a ƙofar kicin tana kallonmu.

Ya ce, "Yaushe za a ɗauka?"

Na ce Darakta bai sa rana ba tukuna.

Ya ce, "To mu sake daga farko, kar a zo a same mu ba mu shirya ba."

Muka sake.